Maigidana Yana Tauna Haƙora a Cikin Barci

"Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a Agege da maigidana da 'ya'yanmu uku. Shekararsa 41, dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Kusan shekara guda ke nan da ya fara tauna haƙora a cikin barci, ƙarar kamar ana gurza tsakuwa a kan siminti, har takan tashe ni. Idan na gaya masa da safe sai ya ce mafarki nake yi. Yanzu yana tashi da ciwon kai da nauyin muƙamuƙi, ba ya iya shan ruwan sanyi, kuma a makon jiya gefen wani turmin haƙorinsa ya ɓantare yana cin goro. Surukata ta ce tsutsar ciki ce, ya sha magani ba a ga canji ba, yanzu kuma ana cewa iska ce. Ɗanmu mai shekara 6 shi ma yakan yi. Mene ne wannan abu, kuma yaya zan shawo kansa ya je asibiti?" Daga wata baiwar Allah a Agege.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba mafarki kike yi ba, shi ma maigidan naki ba da gangan yake yi miki gardama ba. Mai tauna haƙora a barci ba ya jin kansa, kamar yadda mai minshari ba ya jin nasa, shi ya sa kusan kullum abokin kwana ne yake fara kawo labarin. Likitocin haƙori suna kiran wannan abu buruksizim, kuma sun saba ganinsa, domin kimanin mutum 1 cikin manya 10 yana yinsa a barci, masu datse muƙamuƙi da rana kuwa sun ɗara haka yawa. Da ƙarar kaɗai kika kawo mini, da sai in ce ki kwantar da hankalinki ki ci gaba da sa ido, domin mutane da dama suna yi na ɗan lokaci ya wuce bai bar musu wata illa ba. To amma kin ambaci ciwon kai na safe, da haƙoran da ba sa jure ruwan sanyi, da turmin da ya ɓantare, kuma waɗannan ukun shaida ce cewa abin ya fara yin ɓarna. Saboda haka zuwa wurin likita ba abin da za a jinkirta sai kasuwa ta lafa ba ne.

Zan fara da yadda ɓarnar take faruwa, domin idan kika fahimce ta za ki fi iya yi masa bayani da kanki. Ki zauna shiru yanzu ki lura da bakinki. Leɓɓanki suna rufe, amma haƙoran sama da na ƙasa ba su taɓa juna ba, akwai 'yar rata ta kamar milimita 2 zuwa 4 a tsakaninsu, kuma haka aka halicci muƙamuƙi ya huta. Haƙora suna haɗuwa ne a lokacin tauna da haɗiya kawai, kuma idan aka tara duk haɗuwar da suke yi a yini guda ba ta cika kai minti 20 ba. Ko a lokacin taunar ma akwai abinci a tsakani, akwai yawu, akwai kuma wani tsaro da jiki yake da shi, wanda kika sani duk ranar da kika tauna tsakuwa a cikin shinkafa muƙamuƙinki ya saki tun kafin ki ankara. A barci yawu yana raguwa ƙwarai, wancan tsaron yana yin rauni, abinci kuwa babu, sai haƙori a kan haƙori. Duk wadda ta taɓa niƙa ta san cewa idan hatsi ya ƙare aka ci gaba da gurzawa, dutsen da ɗansa ne suke cin juna.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har da ƙashi, amma inda ya fi kauri bai wuce milimita 2 da rabi ba, kuma babban aibinsa shi ne ba ya tofowa. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe bayan ɗori, farce yakan sake fitowa, amma abin da ya goge daga ɓawon haƙori ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan launin rawaya wanda bai kai shi tauri ba, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda suke kaiwa ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Idan ɓawon ya sirance ko ya tsage, sanyi yana bi ta waɗannan hanyoyi ya taɓa jijiyar, shi ne zirin zafin nan da yake sa maigidanki ya ajiye ruwan leda mai sanyi ya nemi wanda bai shiga firji ba. Ciwon kan kuwa na tsoka ne. Tsokokin da suke rufe baki suna kumatu da gefen kai tsakanin ido da kunne, kuma tsokar da ta kwana tana aiki dole ta wayi gari da tsami, kamar ƙafar wanda ya yini yana tafiya.

Turmin da ya ɓantare shi ne abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki. Kada ku ɗora wa goro laifin gaba ɗaya, domin lafiyayyen turmi ba ya karyewa a kan goro, mai yiwuwa ya daɗe da tsaguwa goron ya ƙarasa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙwayoyin cuta ma haka suke yi da haƙori. Idan aka je da wuri, ana iya yi masa ciko ko a rufa masa hula ya ci gaba da aikinsa shekaru masu yawa. Idan aka bari tsagar ta isa jijiya, sai an yi aikin wanke saiwar haƙorin, wanda ya ninka ciko tsada da zirga-zirga, idan kuma ta gangara can cikin saiwa, ba abin da ya rage sai cirewa. Kafin ya ga likita ya daina tauna ta wannan ɓangaren, kuma kada a danna masa garin asfirin ko kanwa ko fetur a wurin kamar yadda wasu suke yi, domin dasashi suke ƙonawa, tsagar kuma tana nan.

Sai dalili. A da likitoci sun ɗauka rashin daidaiton haƙora ne yake jawo taunar, har sukan goge haƙoran mutum wai su daidaita su, amma binciken barci ya sa an bar wannan fahimta. Abin da aka gano shi ne umarnin daga ƙwaƙwalwa yake zuwa. Kowa yana ɗan farkawa sau da dama a cikin dare na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya sani ba, bugun zuciya ya ƙaru, tsokoki su motsa, sannan barcin ya koma. A wurin mai tauna haƙora, tsokokin muƙamuƙi suna biyo wannan ɗan farkawar da ƙarfi, kuma an fi ganin haka a barcin da bai yi nauyi ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce duk abin da yake sa barci ya zama sama-sama, ya riƙa yankewa, yana ƙara taunar. Wata tawagar masana ta duniya ta fitar da ma'anar abin a 2013, ta sake duba ta a 2018, inda ta raba shi gida biyu, na barci da na farke, ta kuma ce a wurin mai lafiya ɗabi'a ce ta tsokar muƙamuƙi wadda ake kula da ita idan ta fara yin ɓarna. Na maigidanki ya fara.

Zancen tsutsar ciki kuwa ba surukarki ce ta ƙirƙiro shi ba, haka ake faɗa a ƙasashe da yawa, kuma ina ganin asalinsa shi ne yara sun fi kowa tsutsa kuma sun fi kowa tauna haƙora, sai aka haɗa biyun. Bincike bai tabbatar da cewa ɗaya ce take jawo ɗayar ba, kuma ku da kanku kun gwada kun gani. Game da iska, ba zan hana kowa addu'a ba, azkar ɗin kwanciya ma suna sa nutsuwa, nutsuwa kuwa tana cikin maganin wannan abu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a shafe wata shida ana turare da rubutu alhali tsagar haƙori tana ƙara zurfi. Ki bar Hajiya ta ci gaba da addu'arta, ki gode mata, ki ce za ku haɗa da asibiti. Ba sai kin ci gardama da ita ba kafin haƙorin ɗanta ya tsira.

Yanzu ki dubi yinin maigidanki daga farko zuwa ƙarshe, domin a nan nake zaton yawancin amsar take. Mai sana'ar tumatir a Mile 12 yana barin gida tun kafin asuba don ya tarbi motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, kuma kayansa ba irin wanda ake rufe shago a bari sai gobe ba ne. Kwandon da bai fita yau ba gobe ya zama baje, wanda ya aiko kayan daga Kano ko Zariya yana kira yana jiran kuɗinsa, masu saye suna taya rabin farashi, ga kuɗin mota da ya addabi kowa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ga haya ta shekara da mai gida ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Bayan duk wannan sai ya shiga cunkoson Ketu da Ojota kafin ya iso Agege, ya kwanta a makare, ya tashi bai ƙoshi da barci ba. Namiji irin wannan ba zai ce miki yana cikin damuwa ba, zai ce alhamdulillahi, kasuwa sai godiya. Kin ce kusan shekara guda ke nan da ya fara, to ki tuna abin da ya canza a wannan lokacin, ko bashi, ko asara, ko rigimar kasuwa, ko rashin lafiyar wani a gida. Idan kika gano, ba lallai ki iya warware masa ba, amma mutumin da ya samu inda zai sauke maganar da ke cinsa kafin ya kwanta barcinsa yakan fi daɗi.

Abin da yake riƙe shi a tsaye duk yinin nan kuma shi ne goro da shayi da Nescafé na mai shayi, wataƙila har da lemon gwangwani na ƙara kuzari. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda jiki yake ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa, ke nan goron da aka ci bayan magariba yana nan yana aiki a tsakar dare. Har hodar ciwon kai irin Alabukun, wadda ake samu a kowace tasha a Legas, asfirin ce da kafeyin, don haka wanda yake shan ta da yamma saboda ciwon kai yana iya shirya wa kansa ciwon kan gobe. Ban ce ya bar goro rana ɗaya ba, domin yanke kafeyin farat ɗaya shi kansa yana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki, kuma idan hakan ta faru zai ce shawararki ce ta ƙara masa ciwo. Ya sa wa kansa iyaka, daga la'asar babu goro babu kofi, shayin dare kuma ya koma na citta da kanumfari ba ganyen shayi. Ba ki ambaci taba ba, amma idan yana sha ki sani cewa masu shan ta sun kusa ninka sauran mutane tauna haƙora. Wasu magungunan ciwon damuwa, irin su fuluzetin da satiralin, su ma suna iya jawo ta, kuma wanda yake kansu ba ya dainawa da kansa, likitan da ya rubuta yake koma wa.

Akwai rabin matsalar da ba kya ji da dare, wato datse muƙamuƙi da rana, wanda ba shi da ƙara ko kaɗan. Ni kaina ban san ina yi ba sai wata rana da muka tsaya cik a titin Ikorodu kusan awa guda, na ga fuskata a madubin mota kumatuna sun ɗaure kamar mai ɗaga buhu, haƙorana a cije ba tare da ina tauna komai ba. Alherin wannan nau'in shi ne mutum yana farke, don haka yana iya horar da kansa. Ƙa'idar gajeriya ce: leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe, kan harshe yana hutawa a bayan haƙoran sama. Wahalar ita ce tunawa, kuma mafi sauƙin dabara ga maigidanki ita ce ya ɗaura abin a kan wani abu da yake yi kullum. Duk lokacin da ya gama waya, ko ya gama ƙirga kuɗi, ko ya zauna yin alwala, ya tambayi kansa ko haƙoransa a haɗe suke, idan a haɗe suke ya saki, ya sauke kafaɗunsa, ya ja numfashi. Ya daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ya daina yini da cingam ko tsinken sakace ko murfin biro a baki, asuwaki kuma a yi shi a gama, kada ya zama abin tauna na awa biyu. Buɗe kwalba da haƙori da fasa ƙashi da taunar ƙanƙara sun haramta gare shi daga yau, kuma muddin muƙamuƙin yana ciwo a ɗaga masa kilishi da ganda da aya da gasasshiyar masara.

Ke kuma da kike farke a lokacin da yake yi, ina so ki saurari wani abu ban da ƙarar haƙoran. Shin yana minshari mai ƙarfi, sai ya yi shiru kamar numfashinsa ya ɗauke, sannan ya farka da shaƙewa? Shin yana gyangyaɗi da rana ko da ya samu barci? Ɗaukewar numfashi a barci takan zo tare da tauna haƙora, ta kuma fi ta haɗari domin tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, kuma dole likitan haƙori ya san da ita kafin ya yi masa abin sawa a baki, saboda wani irin yana iya ƙara tsananta ta. Haka nan idan yana fama da ƙwannafi, ruwa mai tsami yana taso masa da dare, a faɗa wa likita, domin ruwan cikin yana tausasa ɓawon haƙori, gurzar kuma ta zo ta kwashe.

Yadda za ki shawo kansa shi ne ki daina ba shi labari, ki nuna masa, gani ya kori ji. Ki ɗauki ƙarar a wayarki na minti ɗaya, ki kunna masa ku biyu kaɗai a lokacin da ya ci abinci ya huta, kada ki tura wa kowa, kada kuma ki mai da shi abin dariya a gaban mahaifiyarsa ko yara, domin namijin da aka kunyata kafewa yake yi. Sannan ki ba shi madubi a wuri mai haske. Ya dubi bakin haƙoransa na gaba ko sun baje sun yi tsawo ɗaya kamar an bi su da zarto, ya dubi fiƙoƙinsa ko tsininsu ya tafi, ya ja kumatunsa ya ga ko akwai farin layi a ciki daidai inda haƙora suke haɗuwa, ya fito da harshe ya ga ko gefensa ya ɗauki shatin haƙora. Ya ɗora yatsunsa a kumatu ya cije, zai ji tsokar ta taso kamar dunƙulen sabulu. Daga nan ki yi masa magana da harshen kasuwa, wanda ya fi kowa ji: tumatir ɗin da ya fara taɓuwa yau ake sayar da shi, kuma kuɗin ciko ɗaya yanzu bai kai kuɗin cirewa da dasa wani ba nan gaba. Tashinsa da dare ana cewa ya daina ba shi da amfani, barcin ku biyun kawai zai lalace. Idan ƙarar tana hana ki runtsawa, ki sayi abin toshe kunne a kemis kafin a shawo kan lamarin.

Daga Agege, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH da ke Ikeja, ya fi muku kusa, kuma yana da sashen haƙori. Akwai kuma LUTH a Idi-Araba, inda ake horar da likitocin haƙori na Jami'ar Legas. Asibitin gwamnati yana bukatar sammako da haƙurin layi, abin da zai ci masa safiyar kasuwa guda, don haka ya shirya wanda zai tsaya masa. Idan asibitin kuɗi ya zaɓa, ya tabbata likitan yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ya kuma nisanci masu cire wai tsutsar haƙori a bakin tasha. Likita zai duba haƙoran da mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne, ya ɗauki hoton turmin da ya karye, ya gyara shi, sannan mai yiwuwa ya ba da shawarar marfin haƙora na dare. Ana cusa wani kwaɓi mai laushi a baki a ɗauki siffar haƙoran, a ƙera marfin da roba mai tauri daidai bakin mutum, ya koma a gwada masa a goge inda ya yi tudu. Ina so ki fahimci aikinsa tun yanzu don kada ku ce an cuce ku: marfin ba ya hana ƙwaƙwalwa ba da umarnin tauna, aikinsa shi ne ya shiga tsakani robar ta cinye a madadin haƙori, kuma mutane da yawa suna samun sauƙin ciwon safe da shi. Daren farko da na biyu zai ji baƙon abu a baki, yawu ya yi yawa, sannan ya saba. Da safe a wanke shi da burushi da ruwan sanyi, a bar shi ya bushe, kada a zuba masa ruwan zafi domin yana lanƙwashewa, kuma a riƙa kai shi duk lokacin da za a koma ganin likita.

Za ku ga masu araha a kemis da shagunan intanet, waɗanda ake jiƙawa a ruwan zafi a cije su ɗauki siffa. Suna iya tsare haƙora na 'yan makonni kafin a samu na likita, amma ba na so ya zauna a kansu. Laushinsu yana sa wasu su ƙara tauna kamar an ba su cingam, wanda bai zauna daidai ba yana faɗowa cikin dare, wanda kuma bai rufe dukkan haƙora ba yana iya gusar da su daga mazauninsu idan aka daɗe ana sawa. Araha ba ta ado, balle a baki.

Don ciwon da yake tashi da shi, ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya ɗora a kumatu da gefen kai na minti 10 zuwa 15, safe da kafin kwanciya, ya bi da murzawa a hankali da yatsu. Farasitamol ya wadatar a ranar da ciwon ya matsa. Ibufurofen yana aiki a kan ciwon tsoka, amma na 'yan kwanaki ne kawai bayan an ci abinci, kuma bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba. Kada ya karɓi tiramadol ko ƙwayar barci daga hannun mai kemis da sunan sassauta muƙamuƙi, domin fita daga cikinsu ta fi wannan ciwon wuya. Ya koma burushi mai laushi da makilin na masu jin sanyi a haƙori, mai sinadarin fuloraid, ya tofar bayan gogewa ba tare da ya kuskure da ruwa ba, ya kuma bar dirzar haƙora da gawayi ko toka, tunda ɓawon da ya rage masa ba shi da yawa. Akwai allurar Botox da ake yi wa tsokar kumatu don rage ƙarfinta, amma tana da tsada, aikinta wata 3 zuwa 4 ne a sake, kuma sai sauran hanyoyi sun gaza ake zancenta.

Wasu alamomi kuwa ba sa jiran ranar ganin likitan haƙori. Idan baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su kasa shiga, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko muƙamuƙi ya sandare bayan ƙusa ko ƙarfe ya soke shi a kasuwa, wanda alama ce ta tetanos, a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan jikinsa yana fizga a barci, ya tashi da cizo a harshe ko fitsari a shimfiɗa, domin wannan yana iya zama farfaɗiya, haka kuma idan ciwon muƙamuƙin ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi.

Shi kuwa ɗanku, hankalina ya fi kwanciya a kansa. Tauna haƙora ta fi yawa a yara fiye da manya, takan bi gida, kuma yawancinsu suna dainawa da kansu kafin su balaga. A shekara 6 yanzu ne zai fara famfara, haƙoran nono 20 za su zube ɗaya bayan ɗaya har zuwa wajen shekara 12, don haka ba a cika yi wa yaro irinsa marfi ba tunda bakin yana canzawa. Sai dai ki sani cewa a daidai wannan shekarar ne turamen farko na dindindin suke fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna ɗaukar su na nono ne su yi sakaci da su, alhali da su zai tsufa. Ki tabbata burushi yana isa gare su, ki kwantar da shi da wuri a lokaci guda kullum, ki karɓe waya kafin barci, kuma kada a ba shi shayi ko lemon kwalba mai kafeyin da dare. Idan yana minshari ko yana kwana baki a buɗe, ki kai shi a duba masa maƙogwaro da bayan hanci a asibiti, ba wurin wanzami ba, domin kumburin wurin yana hana yara numfashi sosai a barci kuma yakan zo tare da taunar. Ranar da babansa zai je, ki haɗa shi da yaron su tafi tare, a duba su duka biyun a zuwa ɗaya.